Asalin leshi: daga allurar hannu zuwa injinan da ke cika Kantin Kwari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da leshi da atamfa, kuma masu haɗa lefe kan tambaye ni me ya sa ake ce wa wani leshin na Suwis, wani na Faransa, wani kod. Na kuma ga hotunan sarakunan Turai na da sanye da farin leshi a wuya, amma bai yi kama da wanda muke sayarwa ba. Ina leshi ya samo asali, kuma yaya aka yi ya zama yadda yake a yau?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Idonki bai ruɗe ki ba. Abin da ke wuyan waɗancan sarakuna da abin da ke jere a shagonki, hanyar yin su ta sha bamban. Nasu zare ne zalla aka sarrafa da hannu har ya zama ado, babu yadi a ƙarƙashinsa. Mafi yawan namu kuwa yadi ake fara saƙawa, sannan inji ya hau kansa da surfani yana huda shi. Shekara wajen 500 ce tsakaninsu, kuma wanda ya san abin da ya faru a cikinta zai gane dalilin tsadar wani leshin da arhar wani.

Sana'ar ta kankama a Turai daga ƙarshen ƙarni na 15 zuwa farkon na 16, a wurare biyu: birnin Venice na ƙasar Italiya, da yankin Flanders da ke Beljiyam ta yau. Kowane wuri da hanyar da ya fi shahara da ita.

Hanyar Venice ta allura ce, kuma daga surfani ta fito. Matan can sun saba zare wasu zaruruwa daga jikin farin yadin lilin, ko su yanke ƙananan murabba'i, sannan su bi bakin ramin da ɗinki don kada ya warware. A hankali ramukan suka riƙa girma, yadin yana raguwa, har ya zama 'yan siraran layuka kawai suka rage suna riƙe da adon. Daga nan aka ga ai ba a ma bukatar yadin. Ga yadda ake yi, kuma har gobe haka masu aikin hannu ke yinsa. Ana zana fulawar a kan takardar fata, a ɗora ta a kan ƙyalle mai ninki biyu. Sai a ɗauko zare mai ɗan kauri a kwantar da shi a kan layukan zanen, ana danne shi da ƙananan ɗinki kowace milimita biyu ko uku, ɗinkin yana ratsa takardar da ƙyallen duka. Wannan zaren shi ne ƙashin aikin. Daga nan allura ba ta sake taɓa takarda. Cikin kowane ganye da kowace fulawa ana cike shi da irin ɗinkin da tela ke yi wa ramin maɓalli, layi bayan layi, kowane layi yana rataye a jikin na samansa, ana sarƙafa shi da zaren ƙashi a gefe da gefe. Inda ake son duhu sai a matse ɗinkin, inda ake son haske a bar tazara. Idan an gama fulawowin sai a haɗa su da 'yan sanduna na zare ko da raga. A ƙarshe a zura reza tsakanin ninki biyun ƙyallen nan, a yanke ɗinkin da ya danne zaren ƙashi, leshin ya ɗago shi kaɗai, takardar kuma a sake aiki da ita.

Kuskuren mai koyo kusan kullum a jan zare yake. Idan ta ja da ƙarfi, ranar da aka cire aikin daga takarda sai ganyen ya nannaɗe, ba kuma gugar da za ta miƙar da shi. Idan ta sassauta, ramukan ba za su zo daidai ba. Idan kuma ta yi ƙwauron ɗinkin danne zaren ƙashi, ta ba shi tazara mai yawa, cikon zai ja layin ya karkace, fulawa ta fito a gurguje. Gumin hannu ma abokin gaba ne, domin yana dafar da farin zare, shi ya sa ake rufe inda aka gama a bar ɗan wurin da ake aiki kawai a buɗe.

Hanya ta biyu ba ta allura ba ce sam. Ta fito daga sana'ar masu kitsa igiyoyin ado na alharini da zaren zinariya da ake sa wa bakin riguna. Wani littafin zane da aka buga a Zurich na ƙasar Suwizalan a 1561 ya ce 'yan kasuwar Venice ne suka kai wannan aiki garin a 1536, amma a Flanders ya fi samun gindin zama. Kayan aikinsa matashi ne da aka cusa wa ciyawa ya yi tauri, da takarda mai kauri da aka huhhuda a duk inda za a soka fil, da fil masu yawa, sai kwarkwaro na katako ko na ƙashi da aka naɗe wa zare, bibbiyu-bibbiyu. Ƙaramin bakin ado na iya cin kwarkwaro 24, mai faɗi kuma ɗaruruwa.

Abin mamaki, duk yawan nan hannu ba ya aiki sai da huɗu a lokaci guda, kuma motsi biyu ne kacal. A lissafa su daga hagu, 1 zuwa 4. Motsin farko giciye ne: a ɗora na 2 a kan na 3. Na biyu murɗa: a ɗora na 2 a kan na 1, na 4 a kan na 3. Giciye da murɗa sau ɗaya na ba da saƙa mai shara-shara. Giciye, murɗa, giciye na ba da saƙa mai kama da yadi. A ƙara murɗa a ƙarshe, sai a sami ramuka masu ƙarfi. Bayan 'yan motsi sai a soka fil a ramin takarda ya riƙe zaren, a ci gaba, fil ɗin baya ana ciro su ana kawowa gaba. Matsalolinsa sanannu ne. Kowane kwarkwaro ana yi masa ɗan zarge a wuya don kada zare ya sulale. Idan aka yi zargen a baibai, kwarkwaron zai yi ta warwarewa yana faɗuwa. Idan rami ɗaya a takardar ya kauce, kuskuren zai maimaitu a duk tsawon aikin. Idan aka cire fil da wuri, kafin zaren ya zauna, sai saƙar ta tattare. Wanda kuma ya manta murɗa guda ɗaya, ba gyara sai ya warware baya har wurin.

Zaren da ake wannan aiki da shi lilin ne, wanda ake cirowa daga ɓawon karan wani tsiro kamar yadda ake cire rama. Na Flanders ya fi kowanne siranta, kuma a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu danshi ake kaɗa shi, domin busasshiyar iska na tsinka shi.

Tsadar leshin hannu lokaci ne ba wani abu ba. A garin Alençon na Faransa, inda har yau ake yin na allura, santimita ɗaya murabba'i kan ci awa bakwai, koyon sana'ar kuma shekara bakwai zuwa goma. A can ne ake cusa gashin doki a gefen fulawa don ya tsaya ƙyam, a kuma murje aikin da ƙafar ƙaguwar teku ya yi sheƙi. Hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun da ake karewa a 2010. To, ki auna faɗin kwalar da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ke sanye da ita a hotunanta, wadda aka sa wa sitati ta zagaye wuya, ki ƙiyasta watannin da ke cikinta. Maza ma ba a bar su a baya ba, a wuya da bakin hannu har da saman takalmi.

Da kuɗi suka yi ta fita daga Faransa zuwa Venice da Flanders, ministan kuɗin Sarki Louis na 14, wato Colbert, ya kafa masana'antun sarauta a 1665 a garuruwa irin su Alençon da Sedan, ya kwaso gwanayen mata daga Venice da Flanders su koyar, ya kuma hana shigo da na waje. Ingila ta riga ta yi irin wannan doka a 1662. Dokokin ba su hana fasa-ƙwauri ba, sun dai ƙara masa riba. A ƙarni na 18 ɗanɗano ya sauya daga leshin Venice mai kauri da tudu zuwa mai laushi da ke kan raga siririya, irin na Brussels da Mechelen da Valenciennes. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya watsa masu sayen, sana'ar ta durƙushe na wani lokaci.

Bai kamata a yi zancen wannan ado a manta da masu yinsa ba. A ƙauyukan Ingila irin na Bedfordshire da Buckinghamshire, yara 'yan shekara biyar ko shida ake kai wa makarantun leshi su wuni a sunkuye kan matashi. Da dare mata da yawa kan zagaye kyandir ɗaya, kowace da kwalbar gilas cike da ruwa a gabanta don ta tattaro hasken ya sauka a kan aikinta. Da sanyi ba a hura wuta a ɗakin saboda hayaƙi na ɓata zare, sai dai ɗan kaskon garwashi a ƙarƙashin siket. Ladan kuma bai taka kara ya karya ba, dillalai ne ke kwashe ribar.

Inji ya shigo ta ƙofar raga, domin ita ce sashen da ya fi cin lokaci kuma maimaici ne kawai. Tun a shekarun 1760 masaƙan Nottingham na Ingila suka fara fitar da raga da injin saƙa safa wanda William Lee ya ƙirƙira a 1589. Aibinta shi ne madauki ce cikin madauki, zare ɗaya ya tsinke sai ta zazzage. John Heathcoat ne ya warware wannan a 1809. Ya lura da hannun masu aikin matashi ya ga rabin zaruruwan tsaye suke tafiya, rabi kuma a karkace. Sai ya kafa zaruruwan tsaye a injin, sauran ya naɗe su a kan fayafayan tagulla sirara ƙwarai waɗanda ke iya ratsawa tsakanin na tsayen, su zagaye su, su matsa gefe. Ragar da ta fito mai kusurwa shida ce, murɗaɗɗiya irin ta hannu, ko an yanka ta ba ta zazzagewa. A 1816 ma'aikatan da ke adawa da injina suka afka wa masana'antarsa a Loughborough suka farfasa injina 55, ya tattara ya koma Tiverton. A 1813 John Levers ya gyara fasalin injin a Nottingham, kuma tsakanin shekarun 1830 da farkon 1840 aka haɗa shi da katunan Jacquard masu huji, waɗanda ke gaya wa kowane zare inda zai bi. Daga nan inji ya iya saƙa raga da fulawa a tashi ɗaya. Duk da Ingila ta haramta fitar da injinan, an yi fasa-ƙwaurinsu zuwa garin Calais na Faransa a 1816, kuma Calais da Caudry su ne gidan leshin Faransa na asali har yanzu, da injina masu nauyin tan goma ko fiye.

Aikin hannu bai mutu nan take ba. Sarauniya Victoria ta yi aure a 1840 da leshin Honiton na hannu don ta tallafa wa masu sana'ar. A lokacin yunwar Ireland da ta fara a 1845 an koya wa mata leshin kwarashi su sami abin sa wa a baki. A tsibirin Burano na Venice an buɗe makaranta a 1872 don kada ilimin ya ɓace. Amma kasuwa ta riga ta koma hannun inji.

Yanzu ga reshen da ya shafe ki kai tsaye, domin leshin kasuwarmu ba daga injin Nottingham ya fito ba. Daga injin surfani ya fito. A 1828 Josué Heilmann na garin Mulhouse a Faransa ya ƙera inji mai allurai masu baki biyu da rami a tsakiya, ana miƙa su daga wannan fuskar yadi zuwa waccan, mutum ɗaya yana bin zanen da aka faɗaɗa sau shida da wani hannun ƙarfe, firam ɗin yadin yana motsi daidai da hannunsa. A 1863 wani ɗan ƙasar Suwizalan, Isaak Gröbli, ya ɗauko dabarar keken ɗinki, zaren sama da zaren ƙasa, ya sa kowace allura ta sami 'yar ƙoshiyarta a bayan yadi. Wannan shi ne injin Schiffli. Garin St. Gallen ya yi arziki da shi, har wajen 1910 surfani ne kan gaba a kayan da Suwizalan ke fitarwa waje, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya karya kasuwar.

A irin wannan inji yadin a tsaye ake ɗaure shi, a ja shi ya yi tsam. Alluran a jere suke, tazarar da ke tsakanin kowace biyu milimita 27 da ɗoriya. Injin da ke da tsawon yadi 15 yana ɗaukar allura kusan 500 a jeri ɗaya, mai hawa biyu kuma wajen 1,000, dukkansu suna ɗinka fulawa iri ɗaya a lokaci guda. Idan fulawar babba ce sai a cire allura ɗaya cikin biyu ko biyu cikin uku. Shi ya sa za ki ga adon leshi yana maimaita kansa a tazara ɗaya ba kuskure. A ƙasan alluran akwai tsinkunan ƙarfe masu kaifi da ke huda yadin, alluran su biyo baya su ɗaure bakin ramin. Leshin boyel mai huji-huji ke nan.

Kod kuwa wata dabara ce ta shekarun 1880 da St. Gallen da garin Plauen na Jamus suka shahara da ita. A yi surfani da zaren auduga a kan yadin alharini, a tsoma cikin ruwan sinadari mai cin alharini ya bar auduga, sai adon ya rage shi kaɗai. A yau an fi amfani da wani yadi da ke narkewa a ruwan zafi. Sharaɗinsa ɗaya ne: tun wurin tsara zane dole kowace fulawa ta kama 'yar'uwarta, kuma a shimfiɗa ɗinkin ƙasa kafin na sama. Kod ɗin da aka yi wa ƙwauron wannan shimfiɗa yana da kyau a leda, amma wanki biyu sai ki ga fulawa tana rabuwa.

Ƙetaren kogin Rhine daga Suwizalan akwai garin Lustenau a yankin Vorarlberg na ƙasar Ostiriya, wanda ya koyi sana'ar daga maƙwabtansa. A shekarun 1960 masu masana'antun garin suka gano kasuwar Legas, inda mata da maza ke ɗinka buba da agbada da yadi mai huji. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, 'yan kasuwar Legas, akasarinsu mata, suka riƙa zuwa Lustenau da kansu suna zaɓar launi da girman fulawa. A nan ne farin leshi mai ƙananan ado ya rikiɗe ya zama mai manyan fulawowi da launi iri-iri da zaren zinariya da duwatsu, kuma a ganina waɗannan matan sun cancanci a lissafa su cikin masu tsara leshin zamani. Da yawa daga abin da ake kira na Suwis a kasuwa a can aka yi shi. A wannan yankin dai, a garin Bludenz, kamfanin Getzner yake, mai shaddar da kika sani. A rabi na biyu na shekarun 1970 gwamnatin soja ta Najeriya ta hana shigo da leshi, kaya suka koma biyowa ta Kwatano, aka kuma kafa wasu masana'antu a ƙasar Ijebu. Daga baya Koriya ta Kudu da Sin suka shigo da mai arha, kuma yanzu su suka fi yawa a dilolin da ke sauka Kwari, inda ake yanka yadi 15 gida uku, biyar-biyar, don lefe da anko.

Wanda ake ce wa na Faransa a wurinmu, mai raga da duwatsu, galibi surfani ne aka yi a kan ragar nailan ko foliyesta. Siririn leshin da ake sa wa bakin ɗankwali da rigunan ciki kuma yawanci na injin Raschel ne, wanda ya yaɗu daga shekarun 1950, mai sauri da arha.

Idan kaya suka zo, ki fara da juya bayan yadin. Na Schiffli za ki ga siririn zaren ƙoshiya yana bin bayan kowace fulawa. Idan zaren bayan yana leƙowa ta gaba, ko na gaba ya yi madaukai a baya, ba a daidaita jan zaren injin ba, kuma zai riƙa kama ɗan kunne da zobe. Ki dubi bakin ramukan: a leshi mai kyau ɗinkin ya rufe bakin ruf, ba a ganin gashin yadi. Masu arha suna rage yawan ɗinki ne don su rage lokacin inji da zare, nan ne kuma ramin ke fara zarewa. Ki ɗan ja kod tsakanin yatsu biyu ki ga ko mahaɗan fulawowin suna buɗewa. Don gane auduga, ki zare zare ɗaya daga gefen yadin da wani daga jikin adon, domin sau da yawa ba iri ɗaya ba ne, ki kusantar da kowanne ga ashana. Auduga na ci da wuta da warin takarda ta bar toka mai laushi, foliyesta kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Duwatsu ki sa farce ki gwada: na ɗinki za ki ga zarensu a baya, na manne kuma zafin dutsen guga ko ruwan zafi na ɓamɓare su.

Masu saye kuma ki gaya musu su wanke da hannu a ruwan sanyi, ban da bilic, ban da murɗawa wurin matsewa. Kod a shimfiɗe ake shanya shi, don idan aka rataye shi da ruwa a jiki nauyinsa na ja shi ya yi tsawo ya karkace. Guga ta baya ake yi, a kan tawul, da wuta kaɗan, don kada tudun adon ya kwanta. Turaren fesawa yana dusashe zaren zinariya, gara a fesa a jiki kafin a sa kayan. Tela kuma ya bi gefen fulawa da almakashi maimakon ya raba ta tsakiya, ya kuma wanke yadin shafi kafin ya ɗinka, domin idan shafin ya tsuke a wankin farko leshin da ke kansa zai tattare.